Allurar da Yareta Ta Rufe

Zuwa ga Eulojiya, hantsina bayan sanyin ƙanƙara, ruwan idon dutsena, ɗumin bargona na shekara arba'in da uku,

Autarmu Nelida ta sauka lafiya, an sa wa jaririyar sunanki! Da direban motar garin Arika ya faɗa mini, tsalle na yi ta yi a tsakiyar garke har lamomin, 'yan raƙumanmu marasa tozo, suka watse. Eulojiya biyu a duniya ɗaya! Wane tsoho aka taɓa yi wa irin wannan gata?

Amma direban ya zo da saƙo na biyu. Wai 'ya'yanmu sun zauna sun yanke shawara: ke ki tabbata a bakin teku saboda gwiwoyinki, ni in ci gaba da kiwo a tudu. Ke Nelida, na san ke ce kike karanta wa uwarki wannan. Kada ki tsallake layi ko ɗaya, 'yar nan. Shekara uku na yi a ajin yamma ina tauna fensir, yau ga ranarsa: ban yarda ba!

Abar ƙaunata, kin tuna yaretar nan ta bayan maɓuɓɓuga, tsiron nan mai tauri mai kama da koren dutse? Na zo da diga zan fasa ta in kai wa masu haƙar ma'adinai su hura wuta, sai kika haye kanta kika tsaya, ko lotsawa ba ta yi ba. Kika ce, "Kai mai kunnen lama, ta girmi kakan kakanka. Fara sara ta kaina!" Kika zare allurar azurfa ta mayafinki, kika kafa a ƙasa dab da gefenta. Tun ranar ban sake mallakar zuciyata ba.

Jiya na je. Duk shekarun nan girmanta bai wuce taƙi guda ba, amma ta rufe allurar, kan kaɗai ke leƙowa cikin 'yan furanni ruwan ɗorawa. Dubban ƙananan ganye ne manne da juna, ko farce ba ya shiga. Iska ta yi ta dukanta, cikinta da ɗumi. Ɓalle guda ka ajiye gefe, sanyi ya cinye shi. 'Ya'yan naki masu ilimi ba su san wannan ba?

Na tara miki ƙaron yaretar na shafawa a gwiwa. Lamomin na bar wa ƙanena Isidoro. Ran Alhamis ina tafe. In kin ce tudu, in goya ki har ƙofar ɗaki. In kin ce teku, su nemo gado mai cin mutum biyu, in jure zafi da ƙarnin kifi. Amma gida biyu? A'a!

Duk mai son zare allurar nan sai ya fasa yaretar, ni kuwa tun ranar na jefar da digata.

Naki, har a rufe mu wuri ɗaya,
Fermin