Faten Dankalin Baba

Yaya Adawiyya,

Na leƙo na tarar kina barci, na san gajiyar hanyar Guider ce, shi ya sa ban tashe ki ba. Na tafi asibiti karɓo wa Baba sauran maganinsa, sai bayan azahar zan dawo.

Tun da aka sallamo shi ba ya cin abincin kirki, dokta kuma ya ce maganin nan ba a shan sa da yunwa. Jiya na yi masa faten dankalin turawa irin na marigayiya Inna, da busasshen kifin Lagdo da 'yar daddawa. Ya cinye tas. Har ya ce, "Kai, wa ya dafa wannan? A ƙaro mini." Kunya ta hana ni amsawa, na gudu kicin.

Yau ma na dafa, yana cikin ƙaramar tukunya. Ki ɗumama masa a garwashi, kada ki juya da ƙarfi, ba ya son dankalin ya narke. Na san halinki, da kin ɗanɗana za ki ce lami ne, ki kai hannu ga gishiri da dunƙule. Don Allah kada ki ƙara komai. Dokta ya hana shi gishiri, daddawar ta wadatar.

Kin fi ni iya girki, kowa ya sani. Amma wannan faten, ki bar mini shi, na iya.

In ya sake tambayar wa ya dafa, ki ce masa ni ce.

Ƙanwarki,
Khaula