Likkafanin Inna

Gwangwan, ƙasar Karaye,
watan Rajab, 1952.

Zuwa ga yayata Barira, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Lurwanu da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan da sauƙi, sai zafin bazara da ya tsananta, rijiyar unguwa ta ja baya har sai an ƙara igiya. Matata Rabi tana nan lafiya, yaran sun yi ƙyanda bayan girbi amma Allah ya tashe su. Wanda zai karanta miki wannan takarda, don Allah ki ja shi gefe, kada a karanta ta a rumfa gaban masu tayin atamfa. Ki sami wuri ki zauna tukuna.

Yaya, sai haƙuri. Allah ya karɓi Inna a farkon watan nan, ranar Talata da hantsi, a ɗakinta, Rabi na riƙe da kanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta cika da kalmar shahada, ba ta sha wuyar fitar rai ba. Na san ki sarai, kafin ki gama kuka za ki tambaya ko farin yadin da kika aiko bara ta hannun fatake ya yi amfani. Ya yi, da shi aka rufe ta. Amma in na tsaya a nan na rage miki gaskiya, ni kuwa ba ni da wanda zan amayar wa abin da ke raina sai ke.

Kin tuna su uku a gindin durumin ƙofar gida: Inna, da Gwaggo Rekiya yayar babanmu, da Iya Murja ta gidan gabas. Su dawo daga gayauna da la'asar, ƙafa duk faso, ko ruwa ba su gama sha ba sun jawo taskira da mazari. Kowacce tana da 'yan kunyoyin audugar gida a gefen gayaunarta, wadda ba a kai ta sikelin kamfani ko da za a kwana da yunwa. Wannan ta likkafani ce. Su tsince ta da hannunsu, su gurza, su shiɓa, su kaɗa, in zare ya taru a kai wa Daudu masaƙi, shekara da shekaru har ya isa. Inna takan ce tunda ta tashi ba ta taɓa cin hatsin da ba ta yi wa gumi ba, saboda haka ba za ta je gaban Ubangiji cikin zanen da ba ta san hannun da ya kaɗa shi ba. Sun kuma yi alkawari su za su wanke juna. Iya Murja, da bakin nan nata, takan ce wadda ta rage a ƙarshe ita aka cuta, su yi ta dariya har ki ce wani abin kirki aka faɗa. Ke kina gefe ana koya miki kaɗi ana ranƙwashinki, ni ina satar musu alli ina zane a bango.

Ban san darajar matan nan ba sai da na fara binne su. Gwaggo Rekiya ce ta raini babanmu a yunwar Ƙaƙalaba da tafasa da dusa, ta haihu ta binne, ta haihu ta binne, har ta daina kuka a gaban mutane. Iya Murja kuwa, lokacin yaƙi da aka kwashe mazan garin nan zuwa haƙar kuza, ita ta ɗauki garma ta yi huɗar gonarsu ta zo ta yi tamu, tana zagin garmar tana zagin mazan. Inna da kanta ta yi ta dakon dawa a ka zuwa Karaye da goyonki, ta dawo ta shiga sussuka. Duk hatsin da ya tsayar da ƙashinmu ta hannunsu ya bi. Yau ki zaga garin nan ki tambayi samari, ba mai iya nuna miki inda gayaunarsu take, an haɗe su duka an zuba gyaɗa.

Gwaggo ce ta fara tafiya, daminar waccan. Da aka buɗe tukunyar da ta adana likkafaninta, ashe gara ta biyo ta ƙasa ta shiga, ba abin da ya rage sai ƙasa da 'yan tsummoki. Muna tsaye muna shawarar wa zai ruga Rogo cikin ruwan nan ya yanko yadin akoko, sai ga Inna ta fito da nata, wanda ta gama tun kafin ki tafi, a ninke yana ƙanshin turaren wuta. Na ja ta gefe na ce ta yi tunani, idonta ya fara hazo. Ta ce in matsa mata, Rekiya ba za ta kwanta cikin yadin kanti tana raye ba, kuma ai hannu bai mutu ba, za ta sake kaɗa wani. Ita da Iya Murja suka wanke ta.

Ta kuwa sake zama. Damina da rani mazarin nan bai huta ba, tana lalube tana kaɗi. An saƙa abin da bai fi rabi ba sai Iya Murja ta kwanta, da kakar da ta wuce. Ita nata likkafanin ta riga ta rufe 'yarta da shi a shekarar sanƙarau, ba ta ƙara taɓa mazari ba tun daga ranar. Jikokinta sun tafi cin rani, ba kowa a gidan sai awaki. Ban ma tsaya yi wa Inna magana ba wannan karon, na san amsar. Sai cewa ta yi Allah ya so Murja ƙarama ce, rabin zai ishe ta. Da ƙyar ya isa, sai da aka lanƙwasa aka ja. Ita kaɗai ta wanke ta, Rabi na miƙa mata ruwa daga bakin ƙofa. Da liman ya tambayi 'yar wane ce don ya ambata cikin addu'a, wallahi Yaya aka yi ta kallon-kallo, duk garin ba wanda ya san sunan ubanta. Matar da ta ciyar da rabin unguwar nan ke nan.

Daga nan Inna ta karye. Idon ya rufe gaba ɗaya, hannun dama ya kama rawa. Amma kullum da hantsi sai a fitar mata da tabarma gindin durumin, ita kaɗai, ta shafa alli ta murza mazari. Zaren ya fito nan kauri nan siriri, ya tsinke, ta laluba ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Matar da ake zuwa daga Kafin Dafga neman zarenta don ɗinkin riga. Ina dawowa daga gona nakan bi ta bayan gida don kada in gani. A cikin wannan hali yadinki ya iso. Na kai mata da murna na ce ga saƙon Barira. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shinshina, ta sa miki albarka mai yawa, wannan kam ki riƙe shi, ta sa miki albarka har da hawaye. Sannan ta ninke ta miƙo mini ta ce in ɗinka rigar Salla. Na fusata, kin san ni, na ce mata Barira ba don rigata ta aiko ba. Har Malam Sunusi na ɗauko ya zo ya gaya mata kowane farin ƙyalle mai tsarki ya halatta. Ta ce ta sani, ba ta jayayya da malamai, ita dai tana da sauran auduga.

Rabi, Allah ya saka mata, ta roƙe ta ta bari ta kaɗa mata, ta ƙi. Sai Rabi ta riƙa kaɗa nata a ɗaki tana cusawa cikin taskirar Inna a ɓoye. Ba a jima ba muka tarar Inna ta ware su gefe guda a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa kawai. Ta ce wa Rabi hannunta ya yi kyau, ta adana abinta, ranar buƙatarsa na zuwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Da bazara ta kama, jikin Inna ya yi tsanani, ta ce in kwashi abin da ta tara in kai wa Daudu. Ya juya zaren ya juya, ya ce mini Sulle, ko yaro ya ja wannan sai ya tsinke, ba zai tsaya a masaƙa ba. Na ce ya yi don Allah, ya tuna shekarun da ya ci abinci da zaren matar nan. Ya zaɓi abin da zai zaɓa, ya riɓanya, ya yi ta fama, abin da ya fito ƙyalle ɗaya ne, faɗin tafin hannu, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, duk ƙulli. Shi ke nan abin da aikin watannin nan ya bayar. Na tsaya a ƙofar ɗakinta da shi a hannu na rasa ƙafar shiga. Da na sa mata a cinya ta auna shi da hannu, daga wannan baki zuwa wancan, ta sake aunawa, ko za a ce ya ƙaru. Can ta juya fuska bango ta ce to, a sa mata na Barira, ai Barira ma aikin hannunta ce. Rabi ta ji daɗin maganar, ta ce Inna ta haƙura. Ni ban ji daɗi ba, don na ga lokacin da ta ture taskirar da ƙafa. Daga ranar ko kunu sai an yi da gaske, ba ta kuma sake cewa a fitar da ita gindin durumi ba.

Rabi da matar liman suka wanke ta. Matar liman baƙuwa ce daga Unguwar Hajji, mutuniyar kirki, amma ko sunan Inna na yanka sai da ta tambaya. Maganar Iya Murja ta tabbata, kuma ba wanda ya yi dariya. Aka yanka yadinki aka ɗinka, ya isa har da saura, fari tas, duk wanda ya gani sai ya yaba. Ƙyallen nata kuwa na rasa abin da za a yi da shi, sai na ce a tsaga shi a ɗaure likkafanin da shi, kai da tsakiya da ƙafa. Na ce a raina ko banza wani abu na hannunta ya riƙe ta. Na manta da abin da kowa ya sani. Ni na shiga kabarin na karɓe ta, na kwantar da ita, sai na ji liman daga sama yana cewa in kwance ɗaurin. Na kwance, Yaya. Da hannuna na kwance su duka, na bar su a gefenta, aka jera itace.

Tun ranar ba ni da wani kuzari. Ga damina na matsowa, ko sharar gona ban fara ba. Nakan zauna in ce matan nan sun yi noma, sun yi daka, sun yi kaɗi har yatsunsu suka lanƙwashe, abu ɗaya tak Inna ta nema wa kanta a duniya, ƙyallen da za a naɗe ta, shi ma bai samu ba. Na san lada na wurin Allah, Malam Sunusi ya gaya mini, na kuma yarda. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ba na ganin laifinki, kada ki ɗauka haka, ke kin yi abin da 'ya take yi daga nesa. Ni da nake kusa me na iya?

Ga mazarinta nan cikin ƙunshin da mai takardar zai ba ki, da sauran zaren a jikinsa yadda ta bar shi, da 'yar gurya daga audugarta. Ba ita ta ce a aiko miki ba, ba ta bar wasiyyar komai ba, ni ne na kasa kallonsa a ɗakin. Na san ƙasarku ba ta auduga ba ce, na san kuma ke da kike yanka yadi a rumfa kullum ba ki da lokacin kaɗi. Ki ajiye kawai.

Ki gai da Malam Lurwanu, ki yi masa ta'aziyya, Inna na ƙaunarsa. Ki gai da Lukumanu da Rahmatu, da ƙaramar da aka sa wa sunan Inna, Maijidda, wadda ba su taɓa ganin juna ba. In ta yi wayo ki gaya mata sunan wa take ɗauke da shi, da sunan Gwaggo Rekiya da Iya Murja, don nan ba mai faɗa. Rabi na gaishe ki tana yi miki ta'aziyya, haka Malam Sunusi da Daudu masaƙi. Allah ya jiƙan Inna da ƙawayenta, ya haskaka makwancinsu, ya ba mu haƙuri. Sauran yadinki yana nan, Rabi ta ninke ta sa a tukunyar Inna, ta ɗora a kan dutse saboda gara.

Wassalam. Ni ne ƙanenki,
Sulle.