Feda ta Uku a Motar Baba

Paducah, 4 ga Afrilu

Yaya Merle,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, sanyin Toledo kuma ya sake ku.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Zan sauke giyar otomatik daga motar Baba, Chevelle ɗin nan, in sa mata giyar hannu. Ka san bai so otomatik ba. Ƙafarsa ta hagu da ya baro a yaƙin Vietnam ce ta tilasta masa. Yana tuƙi yana tsaki har ya rasu. Sai dai dole a huda ƙasan motar don sandar giya, motar kuwa gadonmu ce mu biyu. Ina neman yardarka.

Ƙanwarka,
Twila

Toledo, 11 ga Afrilu

Twila,

Muna lafiya. Ban yarda ba. Shekara hamsin ko noti ba a canza mata ba, sai ke za ki sa mata zarto? Ƙarfe ba majinyacinki ba ne da za ki farke ki ɗinke. Ki tsaya ga aikinki na asibiti, kulochi sai wanda ya san hannunsa. In na ji kin taɓa ta, zan zo in ɗauke ta.

Yayanki,
Merle

Paducah, 19 ga Afrilu

Yaya sarkin tsawa,

Ina gaisuwa. Ban yanka ba, kafet kawai na ɗaga don in auna. Duba hoton nan. A daidai wurin akwai da'ira da jan fenti, ga rubutun Baba mai kama da tafiyar kaza: "A yanka nan. Duk mai ƙafa biyu a cikinku."

Na zauna a ƙasan garejin na sha kuka, sannan na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Yanzu me ka ce?

Twila

Toledo, 24 ga Afrilu

Twila,

Na gani. Yanka.

Merle

Paducah, 30 ga Mayu

Yayana,

Gaisuwa da albishir! Awon tsoho bai kauce ko kaɗan ba, sandar ta zauna cif. Feda ta uku, wato kulochin da ake takawa da ƙafar hagu, ita ce ta gwada min hali: kwana biyu ina kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a sama.

Ran Lahadi na fito da ita. Ta mutu sau uku kafin ƙofar gida, ban musa ba. A na huɗu ta tashi. Da na jefa ta giya ta biyu a hanyar bakin kogi, tayoyin suka yi ƙara, ni ma na kurma ihu. Kai tsaye na wuce maƙabarta, na ba ta wuta sau biyu don mai ita ya ji. Ban taɓa farin ciki irin wannan ba.

Zo ka tuƙa, kai da ka san hannun kulochi.

Taka,
Twila

Toledo, 5 ga Yuni

Malama Twila,

Ina tafe ran Asabar. Amma ki rufa min asiri: ban taɓa taka kulochi ba a rayuwata. Ki nemo mana fili inda babu jama'a.

Ɗalibinki,
Merle