Kwalin Sarƙoƙin da Ya Ruɓe a Siton Kan Iyaka

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Kwastam,
Ofishin Kan Iyaka.

Daga:
Sakatariya,
Ƙungiyar Mata Masu Sarƙa da Awarwaro Don Tallafa wa Marayu.

9 ga Mayu

GAME DA: RIƘE KAYAN MATAN DA SUKA RASA MAZAJENSU DA LALACEWARSU A SITONKU

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne a madadin shugabarmu, wadda duk muke kira Inna, domin idonta ya yi rauni.

Mu mata ne masu shirya duwatsu a zare. Muna sayarwa, mu tara abin da ya samu, mu tsallaka ƙasar maƙwabta zuwa wani gida da ke riƙe da matan da yaƙi ya cinye mazajensu, tare da marayunsu. Inna ce ta koya musu sana'ar. In mun je, sai mu ɗauko abin da suka ƙera mu sayar musu a nan.

Ga abin da muke kuka da shi:

1. Ranar 4 ga Maris, a hanyarmu ta dawowa, jami'inku na bakin ƙofa ya sauke kwali guda na sarƙoƙi, awarwaro da 'yan kunne, ya ce kayan kasuwa ne. Inna ta nuna masa takardar yafe haraji da ofishinku ya bayar. Ya ce sai mai hatimi ya gani, mai hatimi kuwa ya fita cin abinci. Har rana ta faɗi bai gama cin abincin nan ba.

2. Daga nan Inna ta zama kamar ma'aikaciyarku. Da sandarta take zuwa, ta zauna a bencin baranda, a ce mata gobe. Masu shara har sun san ta, suna ɗaga mata ƙafa su share ƙarƙashi. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Cewa take yi mai nema ba ya fushi.

3. Ranar 22 ga Afrilu aka buɗe mata sito. Ranka ya daɗe, an ajiye kwalin ne daidai inda rufi ke yoyo. Gindinsa ya ɓare, zaren ya ruɓe, ƙarafunan 'yan kunne sun yi tsatsa, duwatsu sun watse cikin ƙura da kashin ɓera. Inna ta ajiye sanda ta durƙusa, tana lalube da hannu tana zubawa a bakin mayafinta. Mai sito ya ce ta yi sauri, zai rufe.

4. Wannan ba na son rubuta shi, amma Inna ta ce in rubuta. A hanyar fita ta ga 'yan kunne masu shuɗin dutse a kunnen wata ma'aikaciya da ke tebur na gaba. Ta matsa kusa don ta tabbata. Ta san ƙullin, don hannu ɗaya ne a duniya ke yin irinsa. Gaishe ta kawai ta yi.

5. Mai wannan ƙullin ita ce Maman 'Yan Biyu, ɗaya daga cikin matan gidan can. Hannunta na dama ya tafi a ranar da mijinta ya tafi, don haka da haƙori take riƙe zare, ta zura duwatsu da hagu, leɓenta duk ya tsattsage. Ita ta ɗaure kwalin da kanta, ta ce wa Inna amana ce. Ta rasu a farkon Afrilu, kwalin yana sitonku. Allah ya jiƙanta. 'Yan biyun sukan karɓi wayar mai kula da gidan su tambayi Inna ko mutane sun so sarƙoƙin mamarsu. Yanzu in wayar Inna ta yi ƙara, kallonta kawai take yi har ta katse.

6. Labari ya fara zuwa mana cewa wasu daga cikin matan can na raɗa, wai an sayar da kayan an yi shiru. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda aka ƙwace wa komai, dole ya yi zargi. Amma Inna mace ce da ta tsufa ba a taɓa kiranta maciya amana ba.

Saboda haka muna roƙo da ƙanƙan da kai:

A binciki yadda aka riƙe kayan da ke da takarda, da yadda wasu daga cikin kayan suka fita daga sito. A ba mu shaida a rubuce, da hatiminku, mai bayyana abin da ya faru, domin a karanta wa matan nan su ji daga bakinku. Sannan a umarci mai sito kada ya zubar da sharar ɗakin. A tara mana ita a buhu. Za mu tankaɗe, mu wanke, mu sake shiryawa, ko sarƙa biyu ce ta fito, a kai wa yaran.

Ba mu nemi a kori kowa daga aiki ba. Inna ta ce kowa na da 'ya'ya.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Taku cikin ladabi,

(sa hannu)
Sakatariyar Ƙungiya

(dangwalen yatsa)
Inna, Shugaba