Saki Ƙarfen Nan, Eino

Zuwa gare ka Eino, sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara hamsin da huɗu, mai taurin kan da ban taɓa gajiya da so ba,

Na san ka yi mamakin ganin takarda a kan sikelin banɗaki. Nan na ajiye ta don nan kaɗai na tabbata za ka kalli ƙasa. Da baki na so in faɗa maka, to amma na lura duk sa'ad da na ɗauko maganar ciwon zuciyarka sai na'urar kunnenka ta lalace. In kuwa amininka Toivo ne ya bugo waya da zancen kamun kifi, ras kake ji.

Ka tuna shekarar da muka yi aure, da na gurɗe a tsibirin nan na tafkin Superior? Ka kai kwalekwale bakin ruwa a ka, ka dawo ka sungume ni kana dariya, ka ce, "Aili, ko buhun alkama guda ba ki kai ba." Na kwantar da kai a ƙirjinka ina jin zuciyarka tana bugawa a natse, kamar ruwan tafkin yana taɓa gaɓa, na ce a raina wannan ba za ta taɓa gajiya ba. Ina damatsan nan da suka yi shekara talatin suna aiki a rumbunan alkama na Thunder Bay? Yau hannun riga ne ke lilo a kansu. Kwalbar zuma ma sai na faki idonka na sassauta murfin kafin in miƙa maka ka buɗe. Ba gori nake maka ba, rabin raina. Wannan ramammen hannun ya fi mini duk hannuwan duniya.

Amma ina zarginka, kuma zargin yana ci na.

Nas Bernice ta yi mana bayani da bakinta: zuciyar da ta gaji ba ta iya kore ruwa, sai ya taru a jiki, kuma sikeli ne ke fara tona shi. In nauyi ya ƙaru da laba uku, wato kusan kilo ɗaya da rabi, cikin kwana biyu, a kira ta. To, sati uku ke nan kullum safiya kana ɗaga murya daga banɗaki, "Ɗari da saba'in, Aili, ko ɗigo bai ƙaru ba." Wane irin mutum ne nauyinsa ba ya motsi? Ni makauniya ce? Takalmanka sun daina ɗauruwa. Bakin safa yana nutsewa a ƙwaurinka kamar yatsa a kwaɓin burodi. Matakala biyar ce kacal a ƙofar gidanmu, amma sai ka tsaya a ta uku ka ɗaga kai wai agwagin daji kake ƙirgawa, alhali agwagin sun yi wata guda da tafiya kudu.

Jiya ina wanke banɗaki, ƙarfen rataye tawul ya yi girgiɗi a hannuna, ƙusoshinsa sun saki daga bango. Tawul ba ya tumɓuke ƙusa, Eino. Na hau sikelin, na dafa ƙarfen, na danna. Laba takwas suka ɓace a idona.

Na so in yi maka uzuri, na ce jiri ne, tsoron faɗuwa ne ya sa kake riƙewa. Sai dai mai tsoron faɗuwa ba ya samun lamba ɗaya kullum. Wanda ke samun haka shi ne mai kallon allurar sikeli yana danna ƙarfen har ta tsaya inda yake so. Na kuma ƙirga baya: sati uku daidai ke nan da 'yarmu Marja ta zo daga Toronto da takardun gidan kula da tsofaffi, ta ce, "Baba, in aka sake kwantar da kai a asibiti, ba nan za ka dawo ba. Mama ba za ta iya ɗaga ka ba." Ka yi murmushi ka ce a ƙara maka kofi. Ashe tun daga ranar ka ɗaura yaƙi da sikeli.

Don kada a raba mu kake yi, na sani, kuma wannan ne ya fi karya mini zuciya. Ruwa na hawa maka zuwa ƙirji, kai kuwa kana ɓoye shi saboda ni? Ni ma ba tsarkakakkiya ba ce. Sau biyu Marja na tambayata, ina cewa Babanki garau yake, don ni ma ban san yadda ake shan kofin safe da kofi ɗaya a tebur ba. Na daina daga yau.

Ga roƙona, farin watana. Ajiye takardar nan ka hau sikelin, ka saki ƙarfen. Ina tsaye a bayanka, hannuna a buɗe, ba zan taɓa ka ba sai in ka yi tangaɗi. Duk lambar da ta fito, ita zan faɗa wa Bernice da ƙarfe tara. Wataƙila ƙarin ƙwayar rage ruwa kawai za ta ba ka. Wataƙila kuma su tafi da kai, ba zan yi maka ƙarya ba. In haka ne, ka yi fushi da ni iya son ranka, zan ɗauka. Gara in riƙa hawa bas biyu cikin ƙanƙara ina zuwa kana juya mini baya, da in riƙa kai furanni maƙabarta, inda ba za ka iya ko yi mini fushi ba.

Taka ce ni a gidan nan, taka a duk ɗakin da suka kai ka, har numfashina na ƙarshe,

Aili