Dalmar da Ke Bayan Ƙofa

Zuwa ga jikata Chinatsu,

Ina gaishe ki da mahaifiyarki da mutanen Miyako. Ni lafiya lau a gidan tsofaffin nan na Osaka, sai dai tagata bango take kallo.

Kin ce za ki bar tukunyar iska ta ƙarfe ki koma nutso da ta alminiyam. Tun da na karanta wasiƙarki nake zarya da sanda, har mai jinya ta ce, "Kaka, babu teku a ƙarshen barandar nan fa."

Ta alminiyam idan iskarta ta kusa ƙarewa sauƙi take yi. Gindinta ya ɗaga, kanki ya yi ƙasa, ta ja ki sama tun lokacin fitowa bai yi ba. Haka ta yi mini. Ɗingishin da na ce muku faɗuwa ce, ba faɗuwa ba ce, fitowar gaggawa daga zurfin teku ce ta taɓa mini ƙafa.

Idan kin nace, ki ƙara dalma a ƙugunki don nauyinta ya riƙe ki a ƙasa, ki fara gwadawa inda ba zurfi. Ɗamarar dalmata tana rataye bayan ƙofar rumfar gidanmu, ki ɗauka. Ni a nan ba na bukatar abin da zai riƙe ni.

Kakanki,
Gensho