Ciyayya a Ƙofar Get

Zuwa ga taubashina Malam Shehu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dabbobi, har da jakin nan naka da ya fi ka taurin kai da kaɗan. Yaya ƙarfin jiki? Yaya aka ji da aikin kaka? Na ji an ce gero ya yi kyau a ƙasar Miga bana. Allah Ya sa albarka, Ya sa a ci lafiya.

Na san ba ka karatun boko, kuma na san takardar nan sai ta bi ta wayoyin mutane da yawa kafin a karanta maka ita a zaure. Ba komai. Maganar ba ta ɓoyo ba ce. A waya kuwa ba zan iya yin ta ba, don kai ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka tuna ranar da mota ta zo ɗaukata, washegarin ruwan shuka. Ka tsaya a ƙofar zaure ka ce, "Je ka, ɗan birni. Tsohuwar kuka ba ta dasuwa." Ni kuma na ce maka in aka yanke gero ban zauna daram ba, to zan dawo, kada ka ba kowa wurina a tabarma. Ka ce ka riƙe. To, an yanke gero, Malam, lokacin amsa ya yi. Sai dai ka san ni, ba na shiga gari sai na zaga bayansa. Ka gyara zama.

Gidan da ɗanka ya gina a Takur gida ne, ba laifi. Ɗanka nake cewa, don ka san bakina ba ya kama sunan ɗan fari. Katanga ta fi raƙumi tsawo, an naɗa mata waya mai ƙaya a ka, ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da suke kira get. Abin da idona ya fara nema bai gani ba shi ne zaure. Da na tambaya sai aka nuna mini rumfar da mota ke kwana. Mota ta samu zaure, mutum bai samu ba. Ƙasan ɗakuna duk tayil ne mai santsi, satin farko tafiyar hawainiya na yi ta yi. Banɗaki kuwa a cikin ɗakin kwana yake, wannan ba zan yi maka bayaninsa a takarda ba. Amma in ka fito da safe ka hangi duwatsun nan sun yi cirko-cirko, ga dabino tsaye a tsakaninsu, sai ka ce lallai Allah Ya yi gari a nan. Asibitin da ake duba mini gwiwa ma ba nisa, kuma ka san shi ne dalilin tahowar.

Matarsa Hauwa'u 'yar mutunci ce. Magariba na yi za ta yi sallama a ƙofar ɗakina, ta durƙusa ta ajiye kular tuwo da ta miya, ta ce, "Baba, a ci lafiya," ta ja ƙofa. A wurinsu girmamawa ke nan. Ni kuwa sai in zauna ina kallon kula, kula tana kallona.

Malam, ka lissafa da kanka. Tun da muka yi wayo, yaushe na taɓa cin tuwon dare ni kaɗai? Mu bakwai ne a zauren nan, kowa ya fito da kwanon gidansa, ba a buɗe ko ɗaya sai an hallara, a cinye wannan a ture a jawo wancan. Ciyayya ba ta tambayar wa ya kawo me. Shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, rumbuna ya ƙare tun kafin bazara, na yi kwana da kwanaki ina fitowa hannu rabbana. Kai kake fitowa da kwano biyu, ka dire ɗaya a gabana ka ce, "Bawana, riƙe mini wannan, hannuna ya gaji." Har sauran biyar ɗin suka koma ga Allah ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

To a nan sai tuwo ya ƙi wucewa. Loma uku, huɗu, in rufe. Ba zan ci da ɗan fari a kwano ɗaya ba, balle suruka. Jikokina mata kuwa tun la'asar sakaliya suke cin nasu da cokali a gaban talabijin. Hauwa'u ta ɗauka girkinta ne bai yi mini ba. Yau kuka, gobe kuɓewa, jibi taushe, har gida ta buga waya tana tambayar irin daddawar da marigayiya matata take sa mini. Da wuyan rigata ya fara yi mini yawa suka kai ni asibiti. Likita ya ɗebi jini, ya danna nan ya danna can, ya ce bai ga komai ba. Ina zai gani?

Ran nan na ce wa raina, ai mai nema shi ke fita. Da aka idar da magariba na ɗauki tabarma da buta da kulolina, na buɗe ƙaramar ƙofar get, na shimfiɗa a waje. A tunanina maƙwabta ba su fito ba ne don ba wanda ya fara.

Na zauna ban buɗe ba, ina jira. Motoci suna zuwa, a danna hon, get ya buɗe ya haɗiye mota ya rufe. Wanda ya zo a ƙafa in ce, "Malam, bismilla!" ya ce, "Na gode Baba, a ci lafiya," ya ƙara sauri. Wani saurayi ya sauke gilashi ya ce, "Baba maigadi, Oga na ciki?" Na ce, "Yana ciki, ni na haife shi." Sai da aka kira isha'i na ci tuwona da sanyinsa. Duk da haka ya fi na ɗaki wucewa, ko ba komai akwai ƙafafun mutane.

A rana ta huɗu sai ga farantin shinkafa da nama an aiko daga gidan da ke kallon namu, gidan wani dattijo Alhaji Sale, mutumin Ringim, tsohon shugaban makaranta. Zo ka ga murna wurin taubashinka. Na ce alhamdu lillahi, kwano ya fito, saura mai shi. Na yi ta jira bai fito ba, na ce wataƙila baƙi ya yi. Don kada faranti ya koma wayam na yanki rabin tuwona na zuba miya na mayar. Kwana uku muna haka, ni ina ganin zumunci ya kama. Ashe sadaka ake ba ni. Ashe a can cewa suke, dubi bawan Allah, ɗan abin da ake ba shi ma sai ya raba.

Ranar Juma'a bayan isha'i ɗanka ya yi sallama a ɗakina. Ya cire hula, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar mai neman gafara, ya ce, "Baba, in akwai abin da muka yi maka, don Allah ka faɗa mana a cikin gida." Ina jin Hauwa'u a bayansa tana jan hanci. Da ƙyar na tattaro zancen. Alhaji Sale ne ya tsayar da shi a masallacin unguwa, gaban mutane, ya yi masa nasiha a kan haƙƙin iyaye: ya ji tsoron Allah, yaya mutum zai gina gida kamar wannan ya bar mahaifinsa yana cin abinci a bakin titi. Hauwa'u kuma ta je suna a layin baya, tana zama wata ta ce, "Allah dai Ya ba mu surukai masu tausayi," sauran suka ce amin da ƙarfi.

Malam Shehu, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Yarinyar da ta bi gari tana nema mini daddawa, ita na jawo wa wannan. Abin da yake mutunci a zaurenmu, na ɗauko shi na kawo inda ya zama tonon asiri. Na ce masa ba su yi mini komai ba, ya tashi ya sa hularsa. Na naɗe tabarma na tura ƙarƙashin gado. A raina kuwa na gama shawara: gero na nuna zan kama hanyar Miga, in zo ka yi mini dariyar da ka tanada.

Amma na ce ba zan tafi in bar yaran nan da baƙin fenti ba. Washegari bayan magariba na ɗauki sandata na tsallaka titi. Na yi sallama har uku a get ɗin Alhaji kafin na gane akwai abin da ake dannawa. Aka shigar da ni falo. Falo ne da zai ɗauki ɗaurin aure, kujeru jere ba kowa a kai. Ga Alhaji a ƙasa kan darduma, tire a gabansa, shi kaɗai, talabijin na ta surutu ba mai kallonsa. 'Ya'yansa duk suna Kano da Abuja. Hajiyarsa tana cin nata a ciki.

Na gaishe shi, na ce na zo godiyar shinkafa, na kuma zo in wanke ɗana. Na faɗa masa ba wanda ya kore ni, ciyayya na fita nema. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Ciyayya. Inna lillahi. Malam, a cikinta na girma, a zauren mahaifina. Shekara talatin ina yawon gidajen gwamnati, har abin ya zo ƙofar gidana ya zauna ban gane shi ba." Sai ya turo tiren tsakaninmu ya ce in sa hannu.

Dattijo ne na gaske. A masallacin da ya yi nasihar, a nan ya miƙe bayan asuba ya ba ɗanka haƙuri gaban waɗanda suka ji ta farko. Hajiyarsa ta shigo wurin Hauwa'u da kanta. Da magariba kuma sai na ji ana buga get: Alhaji ne da kularsa da dardumarsa, yana cewa, "Ina mai zauren? A fito da tabarma."

Kada ka ɗauka daɗi muka faɗa. Abincin Alhaji na likita ne, tuwon alkama da miyar da ba gishiri ba mai. Ina ci don zumunci, Allah Ya ba ni lada. Shi kuma yana kai hannu kular Hauwa'u yana waige-waige kada Hajiya ta leƙo. Bayan sati sai Malam Ɗanjuma ya shigo, wani Bahaɗeje mai sayar da kifi da ke haya a ƙarshen layi, ran da kasuwa ta yi kyau har bandar kifi muke samu. Akwai wani ma'aikaci da ke zuwa Asabar da Lahadi da cokalinsa a aljihu, waya a hannun hagu. Mun hana shi buɗe kula kafin a hallara, wayar ce dai muka kasa. In hadari ya taso mu kwashe mu shige rumfar mota. Ba zaurenmu ba ne, hirar ma ba ta kai tamu ba, don ba wanda ya san kakan wani balle ya zage shi. Amma tuwo yana wucewa. Hauwa'u kuwa yanzu har tambaya take wace kula aka fara cinyewa.

To ga inda nake ta zagaye-zagaye don kada in iso.

Ranar da na ga Alhaji shi kaɗai a falon nan, ba shi na gani ba, kai na gani. Mu bakwai ne, muka koma biyu, na shiga mota na bar ɗaya. Abin da na kasa jurewa wata guda har aka kai ni asibiti, kai kana cikinsa tun ruwan shuka. Duk wayar da muka yi ina ba ka labarin tayil da banɗaki kana dariya, ban taɓa cewa, Malam, da wa kake cin tuwo ba. Kai ma ba ka faɗa ba. Ba halinka ba ne.

Kuma duk da haka ba zan dawo ba. In na tafi yanzu, unguwa za ta ce ashe zancen farko gaskiya ne, yaran nan su shiga bakin duniya a karo na biyu saboda ni. Alhaji ya koma gaban talabijin ɗinsa. Gwiwar ma ba ta bar ni ba. Waɗannan dalilai ne, kuma na gaskiya ne, amma ba zan ɓoye maka na ƙarshen ba: na fara jin garin. Jiya na tsinci bakina yana cewa "layinmu".

Saboda haka ina roƙonka ka sake ni daga alkawarin nan, ka yafe mini. Wurin da ka riƙe mini ka bayar. In samarin gidanku sun fi son cin nasu a ɗaka, ɗauki kwanonka ka tafi zauren Liman. Na san kun yi shekaru ba kwa ga maciji a kan iyakar gona, to ka je haka nan. Ni da na zauna a bakin titi aka ce mini maigadi ban mutu ba. Ka yi fushi da ni yadda ka ga dama, ka faɗa wa duk garin bawanka ya gudu, na yarda. Abu ɗaya ne ban yarda ba, a ce mini ana kai maka tuwo ɗaki.

Allah Ya jiƙan biyar ɗin da suka riga mu, Ya haskaka makwancinsu, Ya jiƙan matan da suka tuƙa mana tuwon shekarun nan. Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri, Ya ba ka abokan zama na alheri. Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da wannan gida da wannan unguwa lafiya. In kwana ya ƙare, Ya sa mu cika da imani, Ya tara mu a inda ba a tashi. Amin.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Ina sauraron amsarka, ko zagi ne.

Naka har kullum,
taubashinka Iro,
Takur, Dutse.